Jemage biyar a jikin dutsen jed: me suke nufi, kuma yaya ake gane na gaske?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. A kasuwar Hualin ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin ana sayar da koren dutsen ado mai suna jed da aka sassaƙa wa jemage biyar kewaye da wani harafi. Mece ce ma'anarsa? Kuma ta yaya mutum zai bambance na gaske da gilas?

Malam Mai Duwatsu: Wa alaikumus salam, Alhaji. Harafin nan sunansa shou, wato tsawon rai. Jemage kuwa a Sinanci ana ce masa fu, kuma lafazin ya yi daidai da kalmar albarka, shi ya sa biyar ɗin ke nufin albarkatu biyar: tsawon rai, arziki, lafiya, son nagarta da kyakkyawan ƙarshe. Za ka kuma ga gauraka, kunkuru, naman kazar lingzhi, da tsoho mai babban goshi, Shoulao, riƙe da sanda da ɗan itacen tao (peach a Turanci). Duk zancen daɗewa a duniya ne.

Mai Sikeli: Batun gaskiyar dutse, Alhaji, ka bar dogaro da launi, ka koma ga awo. Jed iri biyu ne: nefarait na Hotan a yankin Xinjiang na ƙasar Sin, da jedait na jihar Kachin a Myanmar. Auna shi a sikeli, sannan ka ɗaura masa zare ka sake auna shi a cikin ruwa, kada ya taɓa gindin kofi. Raba nauyin farko da bambancin biyun. Giram 50 da ya koma 35 ya ba da 3.3, jedait ke nan. Nefarait yana wajen 2.9 zuwa 3.0, gilas kuwa kusan 2.5. Ka cire igiya ko zoben ƙarfe tukuna, in ba haka ba lissafin ya lalace.

Malam Mai Duwatsu: Gaskiya ne, amma awo kaɗai ba ya tona jedait da aka yi wa magani, kuma nan mutane suka fi asara. Ana kasa jedait aji-aji gwargwadon abin da aka yi masa: Aji A kakin zuma kawai aka goga masa. Aji B an jiƙa shi a asid, an cike ramukan da roba. Yana ɗaukar ido da farko, bayan shekaru sai ya yi rawaya. Aji C rini ne: duba da madubin ƙara girma mai ninki 10, za ka ga koren ya taru a cikin tsaga kamar jijiya. In kuɗin da yawa ne, nemi takardar gwaji daga ɗakin bincike kafin ka biya.