Ban da matatar mai, da mi Damagaram ta fi Maraɗi?

Ɗan Gulbi: Jama'a salamu alaikum. Yau dai sai na faɗi abin da ke cina, wanda zai ji haushi shi ji. Kullum a radiyo ana kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar amma in an zo rabon manyan ayyuka sai a tsallake mu. Matatar mai ta SORAZ tun 2011 Damagaram, wato Zinder, anka kai ta, alhali man ma ba nasu ba ne, daga Agadem yake zuwa cikin jihar Difa. Mu mi anka ba mu? Gero namu, wake namu, aya tamu, jar akuya da sunan garinmu anka san ta, kamyo na bin Ɗan Isa dare da rana ana biyan duwan. Ku tahi Damagaram ku gani, garin ƙishirwa ne, in ka cire matata da gidan sarki mi ya rage? Duk da haka talakanmu ya fi nasu jin daɗi, kuma da guminmu.

Ɗan Birni: Garin mi ka ce? Ƙishirwa? Ƙanena ka janye kalmar nan tukuna sannan mu yi magana. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926, garin Sarki Tanimun, shi kake kira haka gaban mutane?

Ɗan Gulbi: Yaya ai ban zagi kowa ba, abin da ke akwai na faɗa

Ɗan Birni: Ka zaga. Ƙishirwa Allah ke ɗora wa bawa, ba abin gori ba ne.

Mai Shago Sabon Gari: To amma Alhaji tsakani da Allah ƙarya ya yi? In bazara ta yi wa bai san layin bidon a Zinder ba, mata su kwana bakin pampo, 'yan ga-ruwa su ne sarakai. Ni ina da ƙanwa da ke aure can, in ta zo gida abin da take fara yabawa ruwa ne.

'Yar Zango: Ita ƙanwar taka a wace unguwa take, don ba ko'ina ba ne. Kuma ku sani garin bisa dutse yake zaune shi ya sa rijiya ba ta kamawa, tun da can daga Gogo da Macaya ake jawo mana ruwa, aka ƙara Arunguza aka ƙara Ganaram. Wannan halitta ce ba lalacinmu ba. Ku da gulbi ya biyo ta ƙofarku ba ku kuka haƙa shi ba, daga Najeriya yake gangarowa, kuma tunda aka yi dam ɗin Jibiya ai kun ga yadda ya koma.

Mai Shago Sabon Gari: Hajiya ko ya koma yaya mu dai ba mu sayen ruwan wanka da awo

Bagobirin Tibiri: Gulbin nan da kuke taƙama da shi ai shi ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945 har kunka hau tudu. A riƙa faɗin duka.

Ɗan Gulbi: Kai kuma wa ya sa da kai, kai ba ɗan jihar Maraɗi ba ne? Kullum Gobirawa sai kun ja baya in ana maganar gida

Bagobirin Tibiri: Ɗan jihar ne ni amma jihar ba ta Katsinawa ba ce su kaɗai. In kun ce Maraɗi birni kuke nufi, Tibiri da Gidan Runji da Dakwaro ba su cikin lissahinku sai ranar zaɓe.

Malamin Lekol: Don Allah ku saurara. Maganar da anka fara ita ce wa ya fi jin daɗi. A ƙidayar 2012 jihar Zinder na da mutum wajen miliyan 3.5, Maraɗi wajen miliyan 3.4, kusan ɗaya ke nan. Amma faɗin ƙasar Maraɗi bai kai kashi ɗaya cikin uku na Zinder ba. Ma'ana mu a cunkushe muke, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, kuma binciken lafiya na 2012 ya nuna mace a jihohin biyu tana haihuwar sama da 8. Kuɗin alhazan birni daban, cikin talakan ƙauye daban. A 2005 da anka yi yunwa ina ne cibiyoyin tamowa sunka cika da yara? Nan ne, jihar da ake kira rumbu. Ni ɗan Maraɗi ne kuma abin na yi mini zahi shi ya sa nike faɗi.

Ɗan Birni: Malam duk na ji amma har yanzu bai janye ba

Direban Kano: Ya janye mi? Ku da matanku na Kance ke tahiya Aljeriya bara da ƙananan yara, in akwai daɗi can mi za ya fitar da su

'Yar Zango: Inna lillahi. Kai yanzu mutanen da suka mutu cikin sahara a 2013, mutum 92 yawancinsu mata da yara, su ne ka mayar abin cin gardama? Ka ji tsoron Allah. Kuma ƙishirwa ce ta kashe su, kun ga abin da ya sa kalmar nan take mana ciwo. Mu ba mu taɓa yi muku gori da mutanen Madarunfa da Gabi da ɓarayin daji ke ɗauka ana neman kuɗin fansa ba.

Direban Kano: Ai ga shi yanzu kin yi

Hajiya Mai Ƙuli: 'Ya'yana ku bar wannan, duka gawa ce ta musulmi. Ni abin da na sani a sana'ata, da anka rufe iyaka 2019 da kuma bayan juyin mulkin 2023 mu munka fi kowa jigata, don numfashin kasuwarmu Jibiya da Katsina ne. In naira ta faɗi mai sayen kayanmu daga can ba ya iyawa. Lantarki kuma layi ɗaya ne daga Katsina ya zo Gazawa ya rabu, da Najeriya ta yanke mu da su duka munka kwana duhu.

Ɗan Birni: Hajiya ta faɗi gaskiya, arzikin Maraɗi na aro ne, ana tari a Katsina ku kama mura. Da Tinubu ya cire tallafin mai a 2023 ina 'yan bidon ɗin bakin hanya suka shiga? Ba man SORAZ kuka dawo kuna layi a kai ba?

Mai Shago Sabon Gari: Ku kuma Magarya da Matamai da wa suke ciniki in ba Kano da Daura ba, kada ka maishe mu yara. Kuma mutum nawa na unguwarku ta Kara-Kara ke aiki cikin matatar? Kashi 60 na 'yan Sin ne, 40 na gwamnati, ku hayaƙi kawai kuke gani

Ɗan Tasawa: Mu da muke tsakiya muna kallonku. Raken Matamai da kayan lambun Mirya a kasuwarmu ake sayar da su, ayar Maraɗi kuma ta nan take wucewa gabas.

Ɗan Gulbi: Ko a kokowa ai mun riga ku, takobin farko na gasar ƙasa 1975 Kantu namu ya ɗauka

Ɗan Birni: Balla Haruna namu fa? Ka tambayi manyanka

Bagobirin Tibiri: Kantu ai zamaninshi daban, ba a haɗa shi da kowa

'Yar Zango: Maraɗi Kwalliya 2015, Zinder Sabuwa 2018, kowa an yi masa bikinsa na ranar jamhuriya an shafa masa kwalta, jami'a kowa na da tasa. To tsallakewar da ake cewa an yi muku tana ina

Mai Kula da Zaure: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita abin da na fahimta. Kowa ya yarda Maraɗi ce gaba a kasuwa da noma, ba wanda ya kawo hujjar da ta karya wannan. 'Yan uwanmu na Damagaram sun fi mu tarihi da matata, mun ba su. Maganar ruwa gaskiya ce ko da lafazin ya yi kaushi. Abin da Malam ya kawo na ƙidaya ya shahi jihohin biyu don haka ba ya canza komi. In jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da anka aza harsashinshi 2021 ya iso, gardamar ma ta ƙare. An rufe.

Malamin Lekol: Ranka shi daɗe ba haka na ce ba, cewa na yi gonakinmu sun fi nasu matsewa

Ɗan Birni: Wa ya yarda? Ni ban yarda ba. Kai ma ɗan unguwar Zariya ta Maraɗi ne kowa ya sani. Kuma Ɗan Gulbi har yanzu ina jiran ka janye.