Neman shawara: fatsa a tafkin Legas yanzu da hunturu ya shigo

Baban Sadik, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ruwan Legas. Ni mutumin Bebeji ne, a gefen dam ɗin Tiga na tashi, kuma tun ina yaro nake fatsa. Ba sana'ata ba ce, ɗinki nake yi a nan Agege, amma ita ce abin da ke sanyaya mini rai bayan wahalar mako. Da damina nakan je bakin ruwa ta wajen Ijede a Ikorodu ranar Lahadi, in sa tana a ƙugiya, kuma ina samun tarwaɗa da karfasa daidai na miya. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa abin ya juya mini baya. In na jawo igiya, ko dai in tarar da koton yadda na sa shi, ko in tarar an cinye shi tas ban ji komai a hannuna ba.

A gida mun san idan sanyi ya kama kifi yakan yi ƙasa, ba ya ci sai rana ta ɗaga. Haka abin yake a nan ma?

Sannan na yi wa ɗana mai shekara 11 alkawarin zan tafi da shi a hutun Disamba. Mahaifiyarsa hankalinta bai kwanta ba. Ina ne ya dace in kai yaro, kuma kifin wurin ya ciwu ba tare da fargaba ba? Allah Ya saka da alheri.

Ɗan Zazzau, Mile 12:
Wa alaikumus salam Malam. Sanyi ne kawai. Ka daina sammako, ka bari sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya. Ka ƙara dalma ka yi jifa nesa inda ya fi zurfi. Haka muke yi a Shika kuma yana aiki.

Basarke, Epe:
Ɗan Zazzau, maganarka gaskiya ce a Shika da Tiga da wajenmu Yawuri, amma a nan ba za ta kai shi ko'ina ba. Baban Sadik, ni kamun kifi na gada, kuma shi ya kawo ni Epe. Ka saurare ni da kyau.

Hunturun Legas bai kai ya sanyaya wannan ruwa ba. Ka tsoma hannunka da asuba ka ji, ɗumi za ka ji. Abin da ya canza maka gishiri ne. Dam ɗin Tiga ruwa ne a tsare, ɗanɗanonsa ɗaya shekara duka. Wannan tafkin kuwa bakinsa a buɗe yake da teku ta wajen tashar jiragen ruwa, kuma ta bayansa koguna suna zuba masa, babbansu Ogun. Da damina koguna sun fi ƙarfi, sai su tura ruwan teku baya, tafkin ya zama ruwan daɗi har kusa da Ikoyi. A lokacin ne ka samu tarwaɗarka. Da ruwan sama ya ɗauke, koguna suka ja, sai teku ya fara shigowa a hankali. Daga Disamba gishiri yake ta hauhawa har zuwa Maris da Afrilu. Tarwaɗa ba ta son haka, sai ta koma bakin koguna da ƙananan rafuka da fadamu. Ba ƙasa ta yi ba, tashi ta yi daga unguwar.

Waɗanda suka zo a madadinta ba tana suka saba ci ba. Ka nemi jatan lande ɗanye, ƙanana, wajen matan da ke sayarwa a bakin ruwa. Kar ka ɓare shi duka, ka cire kai kawai, ka zura ƙugiya daga wutsiya ta bi lanƙwasar jikinsa har tsininta ya ɗan leƙo. Da shi za ka samu wanda Yarbawa ke kira obokun, farin kifi mai gashin baki, namansa ya fi na tarwaɗa daɗi nesa ba kusa ba. Karfasar nan mai baƙin haɓa ita ma tana nan ba ta zuwa ko'ina, gishiri bai dame ta ba.

Mai cinye maka koto kuwa ƙaguwa ce. Da rani suna cika ƙasan ruwan. Maganinsu shi ne ka sauya ɗauri: dalma ta koma can ƙarshen igiya, ƙugiya kuma ka ɗaura ta sama da dalmar da kamu ɗaya a kan ɗan guntun zare. Dalma za ta kwanta a laka, koto yana reto a sama inda ƙaguwa ba ta kai masa da sauƙi.

Ɗan Zazzau, Mile 12:
To Baba, na ji. Amma kana nufin hunturu ba shi da wani tasiri ke nan gaba ɗaya? Ni dai na ga in rana ta ɗaga an fi samu.

Basarke, Epe:
Yana da shi, amma a kan mutum ya fi yawa, ta hazo da iska. Abin da ka gani na rana ta ɗaga, ina kyautata zaton ya dace ne da lokacin da ruwa ke kawowa. A nan ba agogo muke bi ba. Ruwa yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu a yini da dare. In ya tsaya cak, ko a cike ko a janye, kifi ma yakan tsaya. In ya fara tafiya sai ci ya tashi. Ni na fi son sa'o'i biyun ƙarshe kafin ya gama cika. Ka kafa ɗan kara a bakin ruwa daidai inda ya tsaya, bayan minti ashirin ka duba. In ruwa ya haye karan, to ka zauna da shirinka.

Malamin Kimiyya, Obalende:
Abin da Baba Basarke ya faɗa shi ne a rubuce, sai dai shi a cikin kwalekwale ya karanta nasa. In ɗan ƙara da lissafi. Tsakanin cikowa da janyewa akwai sa'a shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Ke nan in wannan Lahadin ruwa ya cika da hantsi, Lahadi mai zuwa a wannan lokacin a janye za ka same shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi zaton kifi ya ƙare. Jadawalin cikowar ruwan Legas yana intanet kyauta, a duba kafin a fito, amma a sani na bakin teku ne, can ciki wajen Ikorodu yakan makara.

Mu da muke lissafin watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi. Wata ne ke jan ruwan. Farkon wata da tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, cikowa da janyewa sun fi ƙarfi, igiyar ruwa tana gudu sosai. Wajen 7 da 8, da kuma 22 da 23, ruwan ya fi laushi. Mai tafiya da yaro waɗannan kwanakin zai zaɓa.

Akwai kuma alama da ido ke gani. Kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ke toshe hanyar jirage a Ikorodu ba 'yar asalin nan ba ce, daga Kudancin Amurka take, kuma a 1984 ta shigo ruwan Legas ta ɓangaren Badagry. Ba ta jure gishiri. In ka ga ta yi kore shar ta rufe ruwa, ruwan daɗi ne, ka sa tana. In ka ga ta fara yin ja tana ruɓewa tana nutsewa, teku ya iso. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma da tsakiyar rani ruwan da ke kusa da tashar jirage yakan kusanci haka.

Mai Jirgi, Ebute Ikorodu:
Ni ba kifi zan yi magana a kai ba, yaron nan zan yi magana a kai. Fasinja nake ɗauka a wannan ruwa kullum.

Malam, kar ka sa shi cikin kwalekwale a wannan hutun. Da safiyar hunturu hazo yakan sauka a kan ruwa har ka kasa ganin gadar Third Mainland, gada mai tsawon kusan kilomita 12. Jiragenmu masu inji suna gudu, ƙaramin kwalekwalen katako ba ya bayyana sai an zo dab da shi, kuma ko ba a buge shi ba, igiyar da jirgi ya bari a baya ta isa ta kifar da shi.

Na biyu, kar ya shiga ruwa da ƙafa wai don bai da zurfi. Gaskiya yawancin tafkin ba shi da zurfi, amma masu haƙar yashi sun bar ramuka a ƙasa. Yanzu ruwa yana gwiwarka, taki ɗaya gaba babu ƙasa. Ga laka mai riƙe ƙafa. Ga kuma wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke shigowa da ruwan gishiri, yana kwanciya a yashi da ƙaya a wutsiya, wanda ya taka shi ba ya mantawa.

Ka saya masa laif-jaket, wato rigar da ke hana nutsewa, daidai jikinsa, ba na manya ba, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ya sa ko da a bakin gaɓa zai zauna. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan Legas ta wajabta shi ga duk mai hawa jirgi, kuma an hana zirga-zirgar dare. Ku tattara kayanku da la'asar sakaliya.

Maman Hanifa, Idi-Araba:
Yaya, ni ina bayan maman Sadik, damuwarta a kan hanya take. Ka nuna mata rigar da Mai Jirgi ya ce, ka gaya mata wurin da za ku da lokacin dawowa, wayarka kuma ta kasance a kunne. Hankalin uwa da haka yake kwanciya.

Batun ci kuwa, kifi nake soyawa ina sayarwa, don haka na san inda ba na saye. Duk abin da aka kama ta wajen Iddo, Ebute Metta da Apapa ba na kai shi bakin 'ya'yana. Nan ne magudanan gari suke zuba, ga garin katako na masu yankan itace, ga man jirage. Da rani kuma babu ruwan sama da zai wanke. Ka buɗe kunnen kifin ka duba, in ja ne jawur kuma babu warin kananzir ko na kwata, to madalla. Amma kar ka dogara da wannan kaɗai, domin akwai dattin da hanci ba ya ji. Wurin kamun shi ne magana. Ku tafi da kula da ƙanƙara, ku fede kifin tun a can, zafin Legas ba ya jiran kowa ko da hunturu.

Alaramma, Alaba Rago:
Tun da za ku yini, sallah za ta same ku a can. Ruwan gishiri yana alwala. An tambayi Manzon Allah (SAW) game da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Sharaɗin dai kada najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, kuma a wasu gaɓoɓin Legas ta canza. Ku riƙe jarkarku. Ƙaguwa da jatan lande kuwa a mazhabar Malikiyya babu laifi a ci. Abin da zan roƙa, ƙananan kifin da ba za ku ci ba ku mayar da su ruwa da ransu, yaron ya ga kana yin haka.

Baban Sadik, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Kwalekwale na cire shi daga lissafi. Baba Basarke, in na fahimce ka, ko dai in tsaya Ijede in koma jatan lande, ko in bi tarwaɗa inda ta koma. Da yaro wanne ya fi?

Basarke, Epe:
Ku taho Epe. Ta Ikorodu za ka bi, ka ɗauki hanyar Itoikin, ka fito da wuri saboda cunkoso. Ruwanmu na nan da na tafkin Lekki yana nesa da bakin teku, ga kogin Osun yana zuba masa, don haka gishiri ba ya cin ƙarfinsa ko da rani. Tanarka za ta yi aiki yadda ka saba, ƙaguwa ba ta kai ta Ijede yawa ba, kuma yaro yana bukatar ya ji an ja igiya a hannunsa tun ranar farko, ko da 'yar karfasa ce. Ka ɗaura masa ƙaramar ƙugiya da ɗan toton da zai riƙa kallo a saman ruwa. Ka matse ƙayar ƙugiyar da filaya, in ta shiga yatsa za ta fita ba tare da an tsaga ba. In obokun ya kama, kai za ka cire, yana da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, kuma sukarsu tana da zafi.

Abu ɗaya da baƙi ke tuntuɓe a kai: in ka ga rassan itace ko gora an kakkafa a cikin ruwa sun yi da'ira, wannan gonar wani ce. Masuntan nan, Ijebu da Ilaje da Egun, su suke kafawa don kifi ya taru, su jira watanni kafin su kwashe. Jifa a ciki sata ce a wurinsu, kuma suna da gaskiya. Haka tarun da aka shimfiɗa mai robobi a sama. In kun iso ku fara gaida dattawan bakin ruwa, ku ce fatsa kuka zo yi da yaro, su da kansu za su nuna muku gaɓa mai tauri inda babu jirage.

Kafin ku zauna ka zaga da shi kasuwar kifi ta Oluwo, a bakin ruwa take. Zai ga yauni da ransa a cikin baho, wanda tsayinsa ya kusa nasa, da bargi da manyan tarwaɗa. A can za ka sayi jatan landen ma, ka riƙe koto iri biyu. In kun koma gida ka wanke ƙugiyoyi da abin naɗin igiya da ruwan famfo ka shanya, musamman duk ranar da ka koma Ijede, don gishirin can yana cin ƙarfe cikin kwana kaɗan. Ka duba watan Musulunci ka zaɓi Lahadin da ta fi kusa da 7 ko 22, ka sanar da ni a nan tun ana saura kwana biyu.