An ce a sa wa 'yata robar shant a kai, ina neman shawara

Baban Khadija, Agege:
Assalamu alaikum. 'Yata watanta 4. Tun zazzaɓin da ta yi bayan suna kanta ke ta girma, maɗigarta ta kumbura ta yi tauri, idanunta kullum ƙasa suke kallo. An yi mata hoton kai, likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa, sai an yi tiyata an sa roba da ake kira shant. Hajiyata ta bugo daga Kano ta ce kar in yarda a taɓa kan jaririya, in kawo ta gida a yi na Hausa. Ni tumatir nake sayarwa a Mile 12, ban san komai a kan wannan ba, uwarta kuma ko abinci ta daina ci. Robar nan har abada za ta zauna? Yaro na tashi lafiya da ita?

Maman Sadiq, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya. Sadiq ɗina yana da ita tun yana goye, yanzu yana firamare. In ba ka shafa bayan kunnensa ka ji ɗan tudu ba, ba za ka san da ita ba. Tafiya dai ya makara kafin ya fara, sai da muka yi ta zuwa gashin ƙashi a asibiti.

Amma Baban Khadija, robar tana toshewa. Tamu ta taɓa yi: ya tashi da amai, ba gudawa, sai barci, ana tashinsa yana komawa. A daren muka tafi asibiti, aka sake masa wata. Duk wanda zai riƙe yarinyar, har kakarta, ya san waɗannan alamun.

Nas Hauwa, Ikeja:
Kowa yana da wannan ruwan. Ƙwaƙwalwar babba tana yin kusan rabin lita a rana, jini yana shanye shi. Idan hanyar ta toshe, sau da yawa bayan sanƙarau ko wani ciwon jarirai, sai ya taru ya matse ƙwaƙwalwa. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, shi ya sa kan ke buɗewa. Rubutu da addu'a ba su hana tiyata, amma don Allah kar a bar wanzami ya yi sakiya ko tsaga a kan nan.

Shant siririn bututu ne. Bakinsa ɗaya yana cikin ramin ruwan, sai bawul a bayan kunne mai barin ruwa ya wuce ƙasa kawai, sauran ya bi ƙarƙashin fata zuwa ciki, can jiki ya shanye. Ana barin rara a ciki saboda yaro zai yi tsawo. Yawanci zama yake na rayuwa. Haɗarin ƙwayoyin cuta ya fi yawa a watannin farko, don haka zazzaɓi ko ja a fata ta inda robar ta bi, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Ka tambayi likitan ko aikin ETV zai dace da ita. Shi ba roba, ƙaramar ƙofa ake hudawa da kyamara ruwan ya sami hanya. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, Dakta Benjamin Warf, ya yi wa jarirai da yawa irinsa a Mbale ta Uganda, sai dai ba kowane yaro yake yi wa aiki ba, hoton ne zai nuna. Asibitocin koyarwa na nan Legas, LUTH da LASUTH, duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Jinkiri nake ji muku tsoro, domin abin da matsin ya lalata, har gani, ba lallai ya dawo ba.

Baban Khadija:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya ta waya, ta ce za ta taho Legas ta ji daga bakin likitan da kanta. Maman Sadiq, bayan an sallame ku, ta wane gefe kike kwantar da shi, kuma yaushe kika fara goya shi?