Ciwon agara ya ƙi sauka bayan na'urar shokwef

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu aikin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai.

Agarar ƙafata ta dama ke ciwo, daidai inda ta manne da ƙashin diddige, ba tsakiyar jijiyar ba. Da asuba idan na sauko daga gado sai na yi ɗingishi kafin ta saki. Wurin ya ɗan kumbura, bayan takalmi ma ba ya son taɓawa. Hoton sikanin ya nuna jijiyar ta yi kauri, amma ba ta tsinke ba.

Na yi atisayen Alfredson (sunan likitan da ya tsara shi) na sauke diddige daga bakin matakala, wanda aka tsara na mako 12. Ciwon ƙaruwa ya yi. An kawo maganar allurar sitiroyid (maganin rage kumburi) na ƙi, saboda haɗarin tsinkewar jijiya.

Daga nan aka sa ni a na'urar shokwef, mai buga igiyar sauti a wurin. Binciken da wani likita mai suna Rompe da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 ya nuna ta fi irin wancan atisaye amfani ga ciwon da ke bakin ƙashi. Sun yi amfani da na'urar zama 3, mako-mako, bugu 2,000 kowane zama. Sai dai sun duba sakamakon ne bayan wata 4. Ni kuwa na gama nawa ba da daɗewa ba, kuma tafiya kasuwa har yanzu azaba ce. Mai yi min aikin yana cewa a ƙara zama, kuɗin kuma ba kaɗan ba.

In biya ƙarin zaman yanzu, ko in jira watannin nan su cika tukuna?