Wai ban isa riƙe kare ba

Autan Gida: Jama'a ku raba ni da yayata. Karyar abokina ta haihu, ya ce in zo in zaɓi kwikwiyo ɗaya. Ina faɗa mata sai ta ce ban shirya ba, wai mai fita tun sassafe ya dawo sai dare ba shi da hurumin ɗaukar rai ya ajiye. Haba! Kare ne kawai fa, ba aure na ce zan yi ba. Kowa a gidan nan ya raina ni.

Uwar Biyu: "Kawai"? Auta, nan ka faɗi jarrabawar. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, ƙananan iri ma har su haura 15. Wane kawai ne ke bin mutum shekara 13?

Ɗan Gata: Anti, yaro ya kawo kuka kin kama kalma ɗaya kin riƙe. Kawai ɗin nan irin na magana ne.

Uwar Biyu: Abin da ke zuciya shi baki ke furtawa. Ni ma da kawai na fara. Satin farko ƙarfe biyun dare ina tsaye a waje da fitila ina jiran kwikwiyona ya yi fitsari, in ban fito da shi ba kafet ya sha. Wayar caja uku ya tattauna, da takalmina ƙafar hagu, har yau ta daman na nan ita kaɗai.

Mai Kyanwa: Shi ya sa mu muka huta. Kyanwa ita ce kawai ta gaskiya.

Ɗan Gata: Wa ya sako kyanwa a nan? Dabbar da ba ta san mai ita ba.

Ɗalibin Dabbobi: Tauna ɗin nan haƙora ne, na nono 28 ke zuba, 42 su fito, wajen wata shida abin ke lafawa. Auta, sati nawa kwikwiyon?

Autan Gida: Huɗu.

Ɗalibin Dabbobi: To kar ka raba shi da uwarsa sai ya cika sati 8. Allurar haukan kare kuma wajen wata uku ake yi, ban da ta parvo (cutar amai da gudawa ta karnuka) da maganin tsutsa da na kaska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare.

Ɗan Gata: Ka ji 'yan boko. An ce kawai, ya kawo mana gawa dubu hamsin da tara.

Mai Kyanwa: Ɗan Gata, ina naka da ka cika mu da hotunansa bara? Wata biyar ka miƙa wa wani.

Ɗan Gata: Ba bayarwa na yi ba, mai gidan haya ne ya hana. Kuma ke kar ki sa in tono zancen akun nan.

Mai Kyanwa: Akun tsufa ya kashe shi!

Uwar Biyu: Da ka tambayi mai gidan kafin ka ɗauko ai. Wani kawai ɗin ke nan.

Ɗan Gata: Anti, da girmanki. Ke kullum bayan mata kike bi, don yayarsa ce ta faɗa.

Autan Gida: Ni dai har yanzu ba wanda ya ce min in ɗauka ko in bari. Wa zai duba shi da rana ma ban sani ba.

Mai Kyanwa: Shekararsa nawa ka san akun da za ka yi magana?

Shugaban Zaure: Ya isa, zan rufe. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda Auta ya ɗauki karensa, ni nawa uku ne kuma ban taɓa nadama ba. Anti ta tsananta a kan kalma ɗaya. Masu kyanwa su buɗe nasu zauren.

Uwar Biyu: Mafi yawa su wa? Ƙirga mana.