Wanda ya taɓa canza tankin mai a tsohuwar mota, yaya ya ƙare da wuyan tankin?

Mai 504, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa wannan aikin ku ba mu labarin yadda kuka yi. Tawa Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, tsatsa ta cinye ƙasan tankin har ta kai sabulu ma ya daina tare yoyon, to na samo wani ɗan Beljiyam mai kyau a Ƙofar Ruwa an ɗaura, amma wuyan nan da ake ɗura mai ta cikinsa ya ƙi haɗuwa da bakin tankin, akwai tazara kamar yatsa biyu kuma a karkace yake. Yaron garejin yana cewa a kira mai walda ya ƙara ƙarfe, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Bakanike a Panteka:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari a kawo wuta kusa da tankin nan wlh, ko da an ce babu mai a ciki, tankin da babu komai ya fi cikakke haɗari don tururin fetur ɗin ne ke kamawa. Sannan ina kyautata zaton ba ƙarfe ne ya gaza ba, yaron ya riga ya ɗaure notinan tankin tamau ne kafin ya nemi wuyan. Mu yadda muke yi, a fara cire kan batir, a ɗora tankin a kan jak da katako a ƙasansa, a ɗaga shi ya kusa wurinsa amma noti duk a sake, a zura kilif biyu a jikin tiyon robar da ke haɗa wuyan da tankin tun yana hannu, a sa tiyon a bakin tankin, sannan a shigo da wuyan ta ramin bodi, shi ma sukurorinsa a sake. Sai komai ya zauna da kansa ba tare da an ja shi da ƙarfi ba tukuna a bi a ɗaure, tanki farko, wuya, kilif a ƙarshe. Ka ce ya sassauta ka gani, yatsa biyun nan za su iya ɓacewa.

Direban Funtuwa–Gusau:
Gaskiya ne oga. Ni abin da ya same ni tiyo ne. Wani makanike ya ga nawa ya tsage sai ya yanko na lagireto ya sa min bai gaya min ba, da farko lafiya lau, ana nan ana nan sai fasinjan baya suka fara cewa direba motarka warin mai take, da muka leƙa robar ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana, kana matsawa mai na tsattsafowa. Tiyon ruwa ba ya jure fetur. Ka tafi da tsohon naka kasuwa ka ce na mai kake so, a gwada faɗin bakin da na wuyan, kar ka yarda da "zai yi".

Mai 504, Zariya:
Allah ya saka da alheri. Tsohon tiyon nawa ya bushe ya yi tauri amma bai fashe ba, in maida shi?

Bakanike a Panteka:
A'a Alhaji canza shi, robar da ta shekara talatin ko fiye ba ta sake kama ƙarfe. In sabon ya ƙi shiga ka shafa ɗan ruwan sabulu a bakin, ba a buga shi da guduma. Ka lura akwai ɗan tudu a bakin bututun, kilif a bayan tudun yake zama ba a kansa ba. Kuma kilif mai sukuru, ba waya da filaya ba.

Malama mai Carina, Kano:
Ni kuma nawa ba yoyo ba ne. Bayan an canza min tanki duk gidan man da na shiga sai famfon ya riƙa katsewa, a sa lita biyu ya tsaya, man ya dawo ya zubo a jikin mota, masu ba da mai har suna cewa Hajiya tankinki a cike yake alhali gejin yana ƙasa. Ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023, kana kallon kuɗinka na bin ƙasa, abin da ciwo. Ashe akwai wani siririn tiyo da ke bin gefen wuyan wanda iska ke fita ta nan lokacin da mai ke shiga, shi ne ya lanƙwashe tanki ya danne shi da bodi. Wani dattijon makanike ne ya gano, ya sauke tankin kaɗan ya miƙar da shi ya hura ya ji iska na wucewa, shi ke nan. Don haka Malam ka tsaya a kansu ka ga sun haɗa wannan ƙaramin, wasu ma toshe shi suke da noti wai ba shi da amfani.

Ɗan Golf, Jos:
Mu masu Golf 2 da 3 an hutar da mu, tankin roba ne kuma da wuyansa a haɗe yake zuwa. Wahalar sai wurin zura shi ta bayan taya kar ya goge.

Fanel bita, Apo:
A Marsandi 190 da V-boot ma wuyan a jikin tankin yake, tankin kuma a tsaye bayan kujerar baya, abin da ke lalacewa robar nan ce mai zagaye da ke riƙe wuyan a bodi. Ko a wace mota ce ku duba ta, in ta mutu wuyan yana kaɗawa a kan gargada har ya sassauta tiyo, ruwan sama da ƙura su samu hanya. Alhaji ka kuma kankare wuyan naka da burushin ƙarfe ka ɗaga shi a rana, na sha ganin tanki sabo amma wuya duk ƙananan huji ta inda laka ke taruwa. In motar tana da 'yar wayar as a jikin wuyan, wato wayar da ke haɗa shi da ƙarfen bodi, a maida ta. In an gama kar ka gwada da galan ɗaya ka ce ya yi, yoyon wurin nan ba ya nunawa sai mai ya hau har wuya, cika shi taf ka ajiye motar a kan siminti busasshe, ka sa hannu ka shafa ƙarƙashin kowane kilif ka shinshina.