"Babban bango ya faɗi": ana faɗar ta ga tsohuwa?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Ga maganar da ake ja-in-ja a kanta a nan Kumasi. Tsohuwa ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa-kunne, sai a buga fostar addu'ar arba'in da hotonta, a sama a rubuta "Babban bango ya faɗi". Wasu dattawa sun ce wannan karin maganar ta maza ce. Malamai da iyayenmu mata, me kuka gani?

Malam na Asawase: Wa alaikumus salam. Dattawan ba su yi ƙarya ba, an fi jin ta a rasuwar sarki, ko babban malami, ko maigidan da jama'a ke ci a ƙarƙashinsa. Amma wannan sabo ne kawai. Bango aikinsa biyu, a jingina da shi, ya kuma rufa asirin gida. Duk wanda ya yi wa mutane waɗannan biyun ya cancanta, mace ko namiji. Inda ake kuskure shi ne a liƙa wa kowa don kawai ya tsufa.

Hajiya ta Alabar: Malam, Allah ya ƙara sani. Ni a ganina a zango ma, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran baƙi, ta fi dacewa da mace. A duba gidan haya mai ɗaki goma sha: wa ke karɓar kuɗin wuta da na ruwa, wa ake kai wa ƙara in kishiyoyi sun yi, wa ke wankan jego? A ƙarƙashin gadonta akwai kwalla, cikin kwallar akwai ƙulle-ƙullen tsumma, wannan zubin adashi ne, wancan ajiyar mai koko ce, wancan kuɗin goron da aka ba ta ta sayar. Ba ta rubuta ko ɗaya ba, duk a ka suke. Ranar da ta tafi ranar ake sanin an yi rashi. Shi ya sa tun a wajen jana'iza ake shelar duk mai binta da wanda take bi ya zo, kuma a samu mace biyu amintattu su buɗe kayanta a gaban manyan 'ya'ya, ana ƙirgawa ana rubutawa. In aka bari har bakwai, masu shiga da fita sun yi yawa, zargi ya shigo.

Ɗan Aboabo: To Hajiya, a bakin ta'aziyya fa?

Hajiya ta Alabar: A'a, ɗana. Ba ka zauna gaban 'yarta kana cewa bango ya faɗi, ƙara mata kuka za ka yi. A nan "ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta" ya wadatar. Karin maganar ta masu ba da labari ce da mai jawabi a taro.

Baba na Tafo: Ni ban yarda da ita ga wadda ta haura tamanin ba. Faɗuwa abu ne na ba-zata. Wadda ta aurar da jikokinta, ta yi sallama da kowa, ai cikawa ta yi. Maƙwabtanmu Asante ma in tsoho ya mutu farin zane mai ratsin baƙi suke ɗaurawa, ba ja da baƙi ba. Mu kuma jikoki ke sa zanenta da ɗankwalinta, su riƙe sanda suna kwaikwayon tafiyarta, sai an ba su kuɗi su bari. Wanda ake wa wannan wasan, "kowa ya daɗe ya ga daɗau" ta fi kama da shi.

Malam na Asawase: Baba, a gafarce ni, wannan tana da fuska biyu. Ana faɗar ta ne in mutum ya ga abin mamaki, sau da yawa ma abin takaici. A kan fosta wani zai ɗauka ana nufin ta sha wuya a hannun 'ya'yanta. A jawabi dai tana zama, in za a lissafa abin da idonta ya gani.

Kuma lissafin yana da amfani, don shekarun da ake bugawa sun yi yawa, sai ka ga 120 babu hujja. Ga yadda ake kintata: a tambayi sa'o'inta me take ciki ranar samun 'yancin kan Ghana a 1957, budurwa ce ko tana goyo. A duba 'ya'ya nawa ta haifa kafin korar baƙi ta zamanin Firayim Minista Busia a 1969, wane jika aka haifa a yunwar 1983. In ta tashi a Accra, a ji ko ta yi wayo lokacin girgizar ƙasa ta 1939. Sannan a ɗauki shekarun ɗan farinta a ƙara sha shida zuwa ashirin. A kuma faɗi da wane lissafi aka yi, don mai shekara 90 ta Miladiyya ta kusa 93 ta Hijira.

Hajiya ta Alabar: Tunda an zo kan arba'in, a kula da kuɗin rumfa da kujeru da shinkafa. Kada a taɓa dukiyarta. Daga abin da ta bari, likkafani da jana'iza ne farko, sai bashi, sai wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, saura na magada ne. In akwai ƙaramin yaro a cikinsu ba a cin rabonsa da sunan sadaka. 'Ya'ya su yi karo-karo daga aljihunsu.

Baba na Tafo: Wannan kam babu musu. Amma kan fostar ina nan a kan bakana, a sa sunanta da addu'a a bar bango.

Ɗan Aboabo: Baba, ai mai buga fostar ma da layi yake caji.